Cokali Ɗaya a Ruwan Appa

Litinin, 6 ga Afrilu 1959, ƙarfe bakwai na safe

Ya fara.

Jiya na dafa masa duk abin da yake so, ya yi loma uku ya ture farantin, wai kada ciki ya saba da daɗi a ranar ƙarshe. Yau tun da sassafe ya yi wanka, ya sa farin saƙinsa da farar hularsa, ya shimfiɗa tabarma a baranda inda duk mai wucewa zai gan shi, ya jawo keken kaɗinsa kusa. Sai ya karanta wa mutum goma sha biyu da akuyar maƙwabta takardar da ya rubuta: ba zai ƙara sa abinci a bakinsa ba sai gwamnati ta ba mutanen Umbarwadi gonakin da aka yi musu alkawari. Ruwa kawai zai sha, da ɗan gishiri da lemon tsami. Ni ce zan riƙa haɗa ruwan. Ba a nemi shawarata ba, sanar da ni aka yi, kamar yadda aka sanar da ni gidan yari sau uku, da kujerar minista, da ajiye ta.

Shekarunsa sittin da shida. Na tuna masa, ko ya manta.

Ya ce, "Yamuna, da ƙafata na je ƙauyen nan lokacin ina minista. Na tsaya a gindin bishiyarsu na ce su tashi, ruwan dam zai cinye wurin, ƙasa na jiransu a kan tudu. Ba gwamnati suka gaskata ba, bakina suka gaskata. Shekara huɗu ke nan suna cikin rumfunan kwano."

Na ce, "To in kun rufe bakin, gona zai zama?"

Ya yi dariya. Shekara talatin da takwas ina tare da dariyar nan, har yau ban samo maganinta ba.

Laraba, 8 ga Afrilu, da la'asar

Kwana uku. Gida ya zama kasuwa. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya taɓa ƙafar Appa, haka duk gari ke kiransa har waɗanda suka girme shi, ya rataya masa sarƙar fure, sannan ya zagayo ciki ya sha shayina. Mutum ɗaya ke azumi, ni ina ciyar da ɗari. Wani ɗan majalisar gari ya yi jawabi na rabin awa kan yadda Appa ya ƙone tufafin Turawa a dandali a shekarar talatin. Bai faɗi cewa har da sarina, zanen aurena, a cikin wutar ba.

Mutanen Umbarwadi sun iso da rana, su wajen talatin, a ƙafa. Ba su kawo fure ba, ba su taɓa ƙafar kowa ba. Sun zauna a gindin mangwaro suna kallonsa kamar yadda manomi ke kallon hadari. Wata tsohuwa a cikinsu, Gangubai, ta shigo kicin ba sallama ta fara wanke kofuna. Na ce ta bari. "Kaku," ta ce, wato inna, yadda kowa ke kirana, "in na zauna haka kawai zagi zan fara, gara hannuna ya samu abin yi." Na matsa mata wuri.

Juma'a, 10 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Gwamnati ba ta aiko da amsa ba, ta aiko da likita. Dakta Pendse, mai ladabi, an ce yana ƙarami a kan kafaɗar ubansa ya ga Appa yana jawabi. Aikinsa ya auna bugun jini, ya duba fitsari, kullum da yamma ya buga wa birni talgiram ya faɗi halin da ake ciki.

Ɗazu Appa ya tashi zai zagaya bayi, ya yi taku huɗu, sai ƙafafun suka naɗe. Ni na tare shi. Bai da nauyi. Abin da ya tsorata ni ke nan, ba faɗuwar ba. Da ya farfaɗo abin da ya fara cewa shi ne kada a faɗa wa 'yan jarida, sai kuma ya ce a'a, a faɗa musu, ɓoyewa ƙarya ce.

A shekarar arba'in da biyu ya yi kwana goma sha ɗaya a kurkuku bai ci ba, ni ina ɓangaren mata ina ƙirga kwanakin da zaren bargo. Amma lokacin yana da nama a jiki, kuma Baturen da ke riƙe da kurkukun yana tsoron gawa ta ɓata masa takarda. Waɗannan na yanzu tare suka yi azumin. Sun san abin ciki da waje, ba abin da zai firgita su.

Asabar, 11 ga Afrilu, da hantsi

Ina neman madambaci na ci karo da gwangwanin gulukos ɗin da ya rage tun zazzaɓin 'yarmu Sindhu, a bayan randar shinkafa. Bai lalace ba. Dubawa kawai na yi.

Lahadi, 12 ga Afrilu, da safe

Cokali ɗaya. Na ƙara lemon. Ya sha, ya miƙo kofin, bai ce komai ba.

Talata, 14 ga Afrilu, da azahar

Yau ya yi kaɗi, zare mai tsawo, bai tsinke ba. Ina jin ƙarar keken daga kicin na tsaya da ludayi a hannu, na yi kuka, kukan daɗi, kuma ba na jin kunyar rubuta shi. Har ya yi musu da wani malamin makaranta kan ko ya dace a koyar da yara da harshen gida, ya kayar da shi.

Dakta ya daɗe yana kallon 'yar kwalbar gwajinsa a hasken rana. Ya ce, "Kaku, jikin Appa ƙarfe ne. Kwana tara, amma kamar mai kwana uku. Yau zan rubuta musu babu hatsari."

Na ce ai horon kurkuku ne. Na ba shi shayi, na tambayi lafiyar mahaifiyarsa, na yi ta surutu har ya tafi.

Kofi shida yake sha a rana.

Alhamis, 16 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

Talgiram daga Tatya Mohite. Layi tara, na karanta sau uku ban sami komai a ciki ba: ana duba lamarin da idon basira, ƙasa na alfahari da ɗanta, a kula da lafiya. Tatyan da ya yi wata goma sha huɗu ɗaki ɗaya da shi a kurkuku, suna raba bargo da kwarkwata. Tatyan da na ɓoye a rumbun dawa 'yan sanda na nemansa, ya fito fari fat yana atishawa. Yanzu shi ke kan kujerar da Appa ya bari, ya kuma koyi yaren kujerar tsaf.

Wasiƙar Sindhu ma ta zo. Wai in hana shi. Daga gidan mijinta, mil ɗari biyu, tana ba ni umarni in hana shi. Ta zo ta gwada.

Asabar, 18 ga Afrilu, da rana

Cokali biyu yau. Zafin ya yi yawa.

Litinin, 20 ga Afrilu, da yamma

Kwana goma sha biyar. Masu fure sun ragu, saura tsofaffin abokan gwagwarmaya biyar da ke zuwa su yi gyangyaɗi a baranda. Dakta ya sake rubuta babu hatsari. Karo na bakwai ke nan.

Wata jarida ta zana shi a kan tabarma, ciki ya yi tulu, ƙasan tabarmar an zana faranti. Na naɗe ta na cusa a murhu kafin ya gani. Ashe an riga an kawo masa wata. Ya kalla, ya ajiye, ya ce zanen hancin bai yi ba. Amma bai taɓa keken ba har rana ta faɗi.

Mutanen Umbarwadi suna nan a gindin mangwaro. Suna gasa gurasar dawa a kan duwatsu uku, su juya wa baranda baya in za su ci.

Talata, 21 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Tatya ya zo. Baƙar mota, tuta a gaba, shi kuma cikin farin saƙi mai guga kamar takarda. Ya durƙusa da ƙyar saboda tumbi, ya kama ƙafafun Appa, ya yi hawaye na gaske. Abin da ke ba ni haushi da Tatya ke nan, hawayensa ba na ƙarya ba ne.

Appa ya ce masa, "Ka yi ƙiba, Tatya. 'Yancin kai ya karɓe ka."

Ya ce, "Kai kuma har yanzu kana zaton Bature ne a fadar. Mu ne fa, Appa. Kanka kake yi wa yaji."

"Na sani. Shi ya sa ya fi wuya."

Sun yi awa guda. Ban ji duka ba, kuma abin da na ji ba zan rubuta ba: wanda ya riga ya shiga ƙasar tudun, da wanda ya ɗaure masa gindi, da dalilin da ba a taɓa shi. Da zai tafi ya biyo ni kicin, ya tsuguna a bakin ƙofa kamar da, ya ce in ba shi ruwa.

"Vahini," ya ce, don tun muna matasa matar wansa yake ɗaukata, "zan faɗa miki abin da ba zan faɗa a waje ba. Ni kaɗai ne a majalisar ministoci nake magana. Duk ranar da na ɗaga zancen sai su zaro talgiram ɗin likita su ajiye min. Babu hatsari. Rabinsu sun yi azumin nan, sun san a kwana na goma mutum ba ya kaɗa zare. Cewa suke yana ci a ɓoye."

Na ce, "Kai ma haka ka ce?"

"Ni na san shi. Zai iya mutuwa, ba zai iya ƙarya ba. Amma ranar da likita ya rubuta hatsari, ranar za su sa hannu, don ba wanda ke son gawar Appa a wuyansa ga zaɓe na tafe. Kafin nan ko alƙalami ba za a buɗe ba."

Na ce, "Wato sai ya kusa mutuwa."

Ya kalli kofin hannunsa. Ya ce ruwan garin nan har yanzu ya fi na birni daɗi.

Na so in kwaɗa masa ludayi. Ban yi ba, na karɓi kofin na wanke.

Laraba, 22 ga Afrilu, da safe

Ban yi addu'a ba yau. Na zuba wa ɗoɗɗoyar tsakar gida ruwa, wadda nake addu'a a gabanta kullum, na wuce, ban tsaya ba. Me zan roƙa? Ya rayu ko ya yi nasara? Ba a haɗa min su wuri ɗaya ba.

Alhamis, 23 ga Afrilu, da azahar

Gangubai na wanke-wanke ta ɗago kofin tagullar Appa ta miƙo min a ƙarƙashin hanci. Kiyashi sun yi layi daga gindinsa har baki.

Ta ce, "Kaku, a ƙauyenmu dai kiyashi ba sa bin gishiri. Ko naku na gari daban ne?"

Na ce lemon ne. Ta ce to. Ta ɗauraye kofin, ta goge shi da gefen sarinta, ta kife. Na ɗauka ta gama.

"Kwana nawa kika sani?" na ce.

"Tun makon jiya. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Da ni ce da haka zan yi." Ta ja wani kofin. "Nawa mijin ma kwana tara ya yi bai ci ba kafin ya tafi, a daminar bara, a cikin rumfar kwanon nan, ruwa na bi ta ƙarƙashin tabarma. Ba azumi yake ba, ciwon ƙirji ne. Ba wanda ya kawo masa fure, ba likitan da ya buga waya. Da na samu abin zubawa a ruwansa da na zuba, ko na sata ne."

Na karɓi kofin daga hannunta na kife, ta ci gaba.

"Sai dai saura mako shida ruwa ya sauko. Surukata na da ciki wata bakwai. Ni ban ce mijinki ya mutu ba, Kaku, ban aike shi ba. Amma tun da ya zauna, ya zauna da gaske ko ya tashi mu san ba mu da kowa. Wannan zaman na tsakiya shi ke kashe mu."

Ta ɗauki tsintsiya ta fita share furannin jiya. Na tsani matar nan yau. Na tsane ta don ba ta ɗaga murya ba, ba ta bar min abin da zan kama in yi faɗa ba.

Juma'a, 24 ga Afrilu, da hantsi

Na buɗe gwangwanin na rufe, na buɗe na rufe. Na tsaya gaban madubi ina sa jan ɗigon goshina, alamar mace mai miji a raye, na daɗe ina kallonsa, ina tunanin goshin ba shi.

Ɗaya. Na ce wa kaina na ƙarshe ne.

Asabar, 25 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Ruwa, gishiri, lemo. Shi ke nan.

Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya ajiye kofin a hankali. Babu kowa a baranda sai mu biyu.

Ya ce, "Yau ruwan ya koma ruwa."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Tun yaushe kuka sani?"

"Tun kofin farko. Mutumin da ya yi kwana shida bai ci ba, harshensa na jin zaƙi ko daga ɗakin maƙwabta ne."

"Kuka yi shiru?"

"Na yi shiru, na sha. Na ce gobe zan yi magana. Goben ta zo na sake sha." Ya shafa gwiwarsa, ƙashi ne kawai a wurin. "Tsoro nake ji, Yamuna. A kurkuku ban ji ba, yanzu ina ji. Ranar da na faɗi a hanyar bayi na ga abin da idona. Sai ga shi kin miƙo min hanyar da zan rayu ba tare da na ce na janye ba, na karɓa. Ke don ni kika yi. Ni don kaina na yi."

Na ɗauka zan ji sauƙi. Na ce to yanzu an daina, a bar shi tsakaninmu, kwana biyu uku likita zai ga abin da suke so ya gani.

Ya girgiza kai. Ya ce kwana goma sha uku na ƙarya ba za su shiga lissafi ba, kuma shidan farko sun tafi da su. Gobe zai tara mutane ya faɗa. Sannan ya fara daga ɗaya.

A nan na manta tarbiyyar uwata. Shekara talatin da takwas "ku" nake ce masa, yau "kai" ta fito. Na ce kai wane irin mutum ne? Ka ƙone sarina na yi shiru. Ka bar ni da jaririya ka tafi kurkuku na yi shiru. Ka buɗe rijiyarmu ga kowa da kowa, da waɗanda ake ƙyamar asalinsu, har danginka suka daina cin abincina shekara goma, na tsaya a bayanka don gaskiya ce. Yanzu da wannan jikin za ka fara daga ɗaya? Su wa za su yaba? Masu zanen faranti?

Ya bar ni na gama. Sai ya ce, "Mutanen da ke gindin mangwaron can, maganata kaɗai ta rage musu. In ita ma da zaƙi a ciki, me na ba su?"

Na ɗauki kofin na koma kicin. Har yanzu da nake rubutu ina neman amsar da zan ba shi, kuma haushin rashinta ya fi komai cina.

Lahadi, 26 ga Afrilu, da la'asar

Ya faɗa. Mutum kamar sittin, da 'yan jarida biyu, da Dakta. Muryar ba ta fita, sai da malamin makaranta ya riƙa maimaitawa da ƙarfi. Ya ce tun rana ta bakwai akwai gulukos a ruwansa, da saninsa, da yardarsa, kuma laifin nasa ne shi kaɗai. Wani ɗan jarida ya ce wa ya zuba? Ya ce, "Wanda ya sha shi ake tambaya."

Ban fito ba, ina bayan ƙofa. Na ji wani ya tofar da yawu. Biyu daga cikin tsofaffin abokansa suka ɗauki sandunansu suka tafi ba sallama. Dakta ya shigo ya same ni, fuskarsa ta yi ja. Bai zarge ni ba. Ya ce, "Kaku, ba shi da kwana ashirin a jikinsa. Ba shi da goma. In ya fara yanzu, jibi ko gata zan rubuta abin da suke jira, amma ban san ko takardarsu za ta riga ajalinsa ba."

Mutanen Umbarwadi ba su tafi ba. Gangubai ta tashi daga gindin mangwaro ta hau baranda, ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. Ta ce, "Shekara huɗu manya na zuwa mana, yau na fara jin ɗaya ya ce ya yi ƙarya." Ba ta taɓa ƙafarsa ba. Ta gyara masa matashin kai, ta koma wurinta.

Yau ya sha romon shinkafa rabin kofi, a gaban kowa, don a san an rufe na farkon. Ni na dafa. Ban taɓa dafa abin da ya yi min ɗaci kamarsa ba.

Litinin, 27 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Kwana ɗaya.

Na kwaso tulu da kofi da gishiri da lemo da wuƙa na jera a gabansa a kan tabarma. Na ce ga su nan, ku haɗa da kanku, ko Dakta ya haɗa, ko Gangubai, ni na fita daga ciki.

Ya kama wuyan tulun. Bai ɗagu ba. Ya sake gwadawa, ruwan ya ɗan motsa a ciki, ya saki.

Ya ce, "Ɗauki ki kai kicin. Ke za ki haɗa, kamar kullum."

Na ce, "Gwangwanin na nan. Ban zubar ba. Saura kusan rabi."

"Na sani."

"Ku sa wani ya tsaya a kaina."

"Ba wanda zai tsaya." Ya kwanta, ya juya fuskarsa bango. "In kin kawo zan sha. Ba zan ɗanɗana ba, haɗiyewa zan yi."

Na shiga kicin ni kaɗai. Ba kowa, ko Gangubai ba ta shigo ba. Na daɗe a tsaye. Sannan na zuba ruwa, na sa gishiri, na matsa lemo, na kai masa. Na tallafi kansa ya sha, ya gode min.

A duk shekarun nan bai taɓa yi min mugunta irin wannan ba. Saura kofi biyar kafin yamma.